Ba a Ba Baƙo Bulo

Da aka sallamo Yaya daga asibiti, a falo muka shimfiɗa masa, saboda ɗakinsa ba wurin sa ƙafa. Washegari 'yarsa ta shiga ɗakin da tef ɗin awo a hannu. Ta auna daga ƙofa zuwa taga, ta auna daga bango zuwa kantar littattafai, sannan ta juyo ta dube ni kamar ni na kafa kantar.

"Gwaggo, gadon asibitin nan ba zai shiga ba. Ko ya shiga, keken ba zai juya ba. Littattafan nan fita za su yi. Na yi magana da masu saye a kilo, gobe da safe za su zo."

Manaja muke ce mata a gida, tun ma kafin ta zama manajar. A wani babban kamfani take aiki, a gari mai nisa, kuma ita ce mai kula da harkar ma'aikata. Wato dai tana zaune ne a ɗaya gefen teburin da ubanta ya ƙare ƙuruciyarsa yana duka da hannu. Yaya tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago ne a masaƙa. An kore shi, an mayar da shi, an sake korarsa, har muka daina ƙirgawa. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Gefen dama ya daina motsi, magana ta ɗauke, mutumin da ke tsayawa a kan benci ya yi wa ma'aikata jawabi ba lasifika ya koma sai ido.

Na ce mata, "Ki bari ya ɗan farfaɗo mana a tambaye shi."

"Wa ya yanke, wa zai ɗauka, wa aka tambaya?" in ji ta, tana naɗe tef ɗinta. "Shi ya yanke tara su, ni zan ɗauki wahalar, kuma ba wanda ya taɓa tambayata."

Wannan ita ce waƙarta tun tana makaranta. Ko rabon shara aka yi a gida sai ta jero tambayoyin nan uku, kuma na ji labari a ofishinsu ma tsoronsu ake yi. Na ƙyale ta. Na yi hedimistires shekaru masu yawa, na san ba kowane lokaci ake gyara wa ɗalibi amsa ba.

Littattafan kusan duk na mutum ɗaya ne. Dattijo suke kiransa, shi Yaya da abokansa, kamar wani kawunsu, alhali ba ɗan ƙasarmu ba ne kuma ko a hanya bai taɓa gamuwa da su ba. Mai tunani ne na ɓangaren talakawa da ma'aikata, abokin gabar 'yan jari-hujja, kuma Allah ya hore masa hannun rubutu. Ya yi a kan yaƙi, ya yi a kan jarida, ya yi a kan makaranta, ya yi a kan albashi da kasuwa. In ya yi lacca a mayar da ita littafi, in ya yi hira da ɗan jarida a mayar da ita littafi. Ni dai na ce da mutumin nan zai yi tari a bainar jama'a, da an buga shi an sa masa bango. Na karanta wasu, kuma ba na musu cewa yana da gaskiya a wurare da dama. Amma bai san inda ake ajiye aya ba.

Likitar gashin ƙashi, wadda ta zo motsa masa jiki da safen nan, ita ce ta kawo maganar karatu. Ta ce a riƙa karanta masa abin da ya sani sosai, da murya, wani lokaci kunne yakan jawo harshe. Manaja ta saurara da fuskar ofis, da likitar ta tafi sai ta ce da ni:

"To. Zan karanta masa guda ɗaya, yau da la'asar. Ku zaɓa min wanda mutum zai iya farawa da shi. Wannan za a bari, sauran su tafi. Ni ma ina so in ga abin da ke cikin mutumin nan da ya cinye min uba."

"Cinyewa kuma?"

"Gwaggo, ni ban san cinyar Baba ba. Duk sanda na leƙa, littafi ne a kai. Jibi zan koma aiki, na samo mai jinya, zan riƙa turo duk abin da ake buƙata."

A nan ne na tsorata, ba don takardu ba. Na san 'yar nan. In ta zauna gaban ubanta yau ta ji an sake rufe mata ƙofa, za ta tafi jibi, za ta riƙa aiko da magani a kan lokaci, ba za ta taɓa saɓa alkawari ba, kuma ba za ta sake zama kusa da shi ba har a ɗauke shi. Uwarta, wadda ke ɗinke tsakaninsu, ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Saura ni. Zama ɗaya aka ba mu da littafi ɗaya.

Kafin azahar labari ya kai wa abokan Yaya. Sakatare ne ya fara isowa, tsohon sakataren ƙungiyarsu, da sandarsa da jakar da ba ya rabuwa da ita. Bayansa sai Tica, wanda ya koyar da tarihi a sakandare har ya yi ritaya, kuma har yau in yana magana sai ya ɗaga yatsa kamar akwai allo a bayansa. Suka gaida Yaya, suka riƙe masa hannun hagu, suka ce masa Kwamared, ya lumshe ido. Daga nan suka faɗa ɗakin littattafai kamar an kira su kashe gobara.

"Abu mai sauƙi," in ji Sakatare. Ya zaro wani siriri mai bango ruwan ƙasa. "Na hirarraki. Tambaya gajera, amsa gajera. Da shi muke fara kowa. Mutum ya karanta a motar haya ma ya gane."

Tica ya ɗaga yatsa. "Wannan ai romo ne ba nama. Mutum ya gama shi ya ɗauka ya san Dattijo, ya fita yana yi wa jama'a ihu. A ba ta na jarida. Yarinyar nan mai ilimi ce, ta ga yadda ake tace labari kafin ya iso mata."

"Na jarida? Rabinsa misalan ƙasashen da ba ta san su ba ne, da shekarun da ba a haife ta ba."

"To na albashi."

"Ka ba manajar ma'aikata na albashi? Ai zagi ne, Tica. Shafi biyu za ta yi ta ce da ita ake."

"Da ita ake mana!"

Na ce su rage murya, mara lafiya na ji. Suka rage na ɗan lokaci. Tica ya kawo shawarar a bi shekaru, a fara da na farkon da Dattijo ya rubuta, don a ga yadda tunaninsa ya girma. Sakatare ya ce na farkon ai shi kansa Dattijo ya janye rabin abin da ke ciki. Aka zaro na laccoci, aka mayar. Aka zaro na yaƙi, Sakatare ya ce wannan sai mai ƙarfin zuciya, ba a karanta wa majinyaci. Kan gadon Yaya ya cika da littattafai, kowanne da dalilin da ya sa shi ne, da dalilin da ya sa ba shi ba ne. Abin da ya ba ni tausayi, tsofaffin nan da gaske suke. Sun ga mutane da yawa sun zo da zafinsu sun tafi a sanyaye, sun san ƙofar da aka fara shigar da mutum ita ke sa ya zauna ko ya gudu.

A abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya, shi ne Bulo. Haka suke kiran babban littafin Dattijo, wanda ya zuba duk tunaninsa a ciki, mai kauri kamar bulon gini, da ƙananan rubutu da bayanan ƙasan shafi da suka fi na sama yawa. A zauren karatun ƙungiyarsu doka ce tun da can: ba a ba baƙo Bulo. Sai mutum ya daɗe, ya ci sirara da matsakaita, sannan a miƙa masa shi a gaban kowa kamar ana ba shi muƙami. Dokar tana da asali. Sun taɓa ba wani sabon shiga mai ɗoki, ya tafi da shi bai sake dawowa ba, daga baya aka ga littafin yana tokare da tagar ɗakinsa.

Na bar su suka gaji. Sannan na taka kujera, na miƙa hannu can saman kanta, na sauko da Bulon Yaya. Na hure ƙurar, na goge shi da gefen mayafina.

"Wannan za a ba ta."

Sakatare ya zauna a bakin gado. "Malama, wasa kike yi."

"Ka taɓa ganin ina wasa da yamma bare da rana?"

"Wannan littafin ya kori mutanen da suka zo da ƙafarsu suna so," in ji Tica. "Ina ga wadda ta zo da fushi? Zama ɗaya fa ta ba mu. In kika ba ta wannan, kin sayar da kantar nan da hannunki."

"Kun san Dattijo, ban musa ba. Ni kuma na san gidan nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Suka nemi in faɗi dalili, na ƙi. Da na faɗa, Sakatare ba zai iya riƙewa ba, zai tare ta a ƙofa ya zazzage mata, ita kuma Manaja ba ta sayen labari. An sha gaya mata ubanta na sonta, takan ce ta ji. Irin su sai dai gani, gani kuwa ya kori ji.

Da la'asar ta fito daga kicin tana goge hannu. Kwanakin nan duk ita ke tsaye, daga asibiti zuwa kantin magani zuwa wurin masu gado, idanunta sun faɗa. Na miƙa mata Bulo. Ta karɓa da hannu ɗaya, nauyin ya ja ta, ta tare da ɗayan.

"Gwaggo, in so kike in tafi yau, ai sai ki faɗa min."

"'Yata," in ji Sakatare da sauri, "akwai wani ɗan ƙarami nan..."

Na dube shi irin kallon da nake yi wa 'yan bayan aji, ya mayar da siririn cikin jaka. Na ce da ita, "Shafin farko kawai. In kin gama kika ce a kwashe, ni zan taya masu kilo ɗaurawa."

Ta jawo ƙaramar kujera kusa da shimfiɗar, ta gefen hagunsa mai motsi, amma ta bar tazara kamar mai ziyarar baƙo. Yaya ya ga abin da ke hannunta. Idonsa ya tashi daga littafin ya zo kaina ya tsaya. Na gane kallon sarai, cewa yake kin tona ni. Na kau da kai, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta buɗe. Shafukan farko sun yi baƙi-baƙi a gefe, sun yi laushi kamar tsumma, sauran littafin kuwa fari tas. Ta gyara murya, ta fara da muryar karanta sanarwa:

"A duk inda mutane suka taru don yin aiki, a gona ne, ko a masaƙa, ko a ofis mai sanyi, akwai tambayoyi uku waɗanda kowa ya san su, amma ba a so a yi su da ƙarfi. Wa ya yanke..."

Ta tsaya. Ta matso da littafin kusa da fuskarta. Sannan ta ɗago, ba ta duban shafin, ta ƙarasa a hankali: "Wa zai ɗauka, wa aka tambaya." Bakinta bai tsaya nan ba. "Wanda ya iya amsa su a wurin aikinsa, ya riga ya san rabin abin da ke cikin wannan littafi." Ta duba shafin, haka yake a rubuce, kalma da kalma.

"Ban taɓa buɗe littafin nan ba," in ji ta. "Wallahi ban taɓa ba."

"Ba ki buɗe ba," na ce, "amma kin ci. Juya bangon ki duba kusurwar ƙasa."

Ta juya. Kusurwar a tattaune take, kwalin ya lotsa, ga sawun ƙananan haƙora a jere.

Sai na ba ta labarin, a gaban kowa. Lokacin da aka yi wa Yaya korar farko, bayan babban yajin aiki, tana jaririya. Uwarta nas ce, ita ke fita aiki, ni kuma ina kwalejin horon malamai ina zaune a gidansu. Shi ke wuni da ita. Ga ta da rigima, in rana ta take sai ta yi ta tsala kuka har maƙwabta su leƙo. Yaya bai iya waƙar reno ko ɗaya ba, in ya gwada sai kukan ya ƙaru. A lokacin ne ƙungiya ta miƙa masa Bulo. Wata rana don takaici ya saɓa ta a kafaɗa, ya buɗe littafin a kan tebur, ya shiga karantawa da ƙarfi yana bubbuga bayanta. Kafin ya juya shafi na biyu ta yi barci. Daga ranar shi ke nan. In ya canza littafi ta ƙi, in ya ci gaba daga inda ya tsaya ta ƙi, sai an koma farko. Haka suka yi ta yi kullum da rana, ta yi haƙori a kan bangon, ta fara tafiya, ta fara magana tana tare shi da ƙarshen jimla, har aka sa ta a makaranta aka mayar da shi aiki.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Shi ya hana. Yana jin kunyar shekarun nan, matarsa na fita nema shi yana gida da goyo. Ya ce kada a sake tada maganar, uwarki ta bi shi, ni ma na bi shi. Yau dai ba shi da bakin hana ni."

Tica ya sauke yatsansa. "Mu kuwa muna ganinsa da Bulo kullum, muna cewa Kwamared ya haddace shi."

"Ya haddace shafi uku," na ce. "Sauran sai daga baya."

Manaja ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da kusurwar nan da babban yatsa tana shafawa. Ba zan ce fushin shekaru ya narke a take ba, don ba haka ake yi ba. Tarurrukan da ya tafi ya bar ta gaskiya ne, bukukuwan makaranta da bai je ba gaskiya ne, kuma na gaya mata hakan ban rage komai ba. Abin da na ce kawai shi ne, cinyar da ta ce ba ta sani ba, ta riga littafin hawa.

Ta dubi ubanta. Gefen fuskarsa mai motsi yana rawa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ta sa hannu ta share masa, da ɗan kaushi, kamar mai goge tebur. Sannan ta ja kujerar har gwiwarta ta taɓa katifa.

"Daga ina zan ci gaba?"

"Daga farko," na ce. "Ba kya yarda da wani wuri."

Ta koma farko. Wannan karon muryar ofis ta tafi, ta kama wani irin hawa da sauka wanda na san ba daga littafin ta samo shi ba, don haka Yaya yake karantawa, yana jan "masaƙa" yana dira a kan "ofis". Leɓensa ya soma motsi tare da ita. Sauti bai fito ba, amma a daidai yake. Da ta zo tambayoyin uku, hannunsa na hagu ya ɗaga daga kan bargo ya sauka, ya ɗaga ya sauka, sau ɗaya ga kowace tambaya.

Ta wuce shafin farko ba wanda ya ce ta tsaya. A na biyu ta jingina gwiwar hannu a kan katifa. A na uku, inda Dattijo ya shiga dogon bayanin yadda aka fara raba aiki tsakanin mutane, muryarta ta soma ja, kalmomin suna manne wa juna. Ta ɗora kai a gefen ƙirjinsa, wai don ta ga rubutun da kyau. Littafin ya zame a hankali ya kife a kan bargo.

Sakatare ya sunkuyo wajena yana raɗa, idonsa jawur. "Ai na faɗa miki, Malama. Bulo barci yake sawa."

"Na sani," na ce. "Tashi ku je ku mayar da littattafan can kan kanta, kowanne inda kuka ɗauko shi. Gadon a falo za a kafa shi. In ta tashi ita za ta yanke, amma ni na san abin da za ta ce."

Suka tafi a kan yatsun ƙafa, sandar Sakatare a hammata don kada ta yi ƙara. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Hannun Yaya ya lalubo, ya haye kafaɗarta da ƙyar, ya sami tsakiyar bayanta. Ya shiga bubbugawa a hankali, bakinsa na ci gaba da karatun daga inda ta tsaya.